Layi biyu a giraf ɗaya: ta ina yaudara ke shigowa alhali alƙaluman gaskiya ne?

Wai idan alƙaluman da aka zuba gaskiya ne, kuma kwamfuta ce ta zana, ta yaya giraf zai yaudari mutum? Gardamar da ta hana mu shan shayi cikin natsuwa kenan a majalisarmu ta bayan isha'i a nan Jidda, saboda wani hoto da ya yi ta yawo a WhatsApp. Layi biyu ne a ciki, ja yana hawa, shuɗi yana gangarowa, suka haɗu a tsakiya kamar almakashi. Jan shi ne kuɗin kujerar Hajji a Najeriya, shuɗin kuma adadin alhazan duniya daga 2023 zuwa 2025, a ƙasa an rubuta wai tsada ta kori mutane daga aikin Hajji. Wani dattijo cikinmu ya ce ai lissafi ba ya ƙarya, wani ya ce haba Alhaji, haɗawa kawai aka yi. Da aka juyo kaina tunda ni ne mai zama gaban kwamfuta, sai na ce Baba lambobin dai daidai suke, mushkilar tana wajen yadda aka ɗora su a faranti ɗaya. Toh bayanin bai yiwu a bakin kofin shayi ba, shi ya sa na zauna na rubuta, kuma sai mun fara da yarukan kwamfutar da ake zana irin wannan giraf da su.

Mene ne ma yaren jeri?

Yawancin yarukan kwamfuta, idan kana da lambobi dubu kana so ka ninka kowacce da biyu, sai ka umarci kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga buhuna. Akwai kuma wani dangi na yaruka da suke ɗaukar jerin gaba ɗaya a matsayin abu guda, ka ce jerin nan sau biyu, shikenan an gama. Su nake kira yaren jeri. Kakansu shi ne APL na Kenneth Iverson, wanda ya fitar da tsarin a littafi a 1962, aka kuma ba shi lambar yabo ta Turing a 1979. Shi ɗin ne dai da Roger Hui suka ƙirƙiro J a 1990, don a riƙa rubutawa da haruffan da ke kan kibod na kowa maimakon alamomin APL masu kama da rubutun allo na sha. MATLAB da ɗalibanmu na injiniya ke fama da shi a jami'o'in ƙasar nan Cleve Moler ne ya fara shi a ƙarshen shekarun 1970, kamfanin MathWorks ya zo a 1984. Sai Octave ɗan'uwansa na kyauta, sai R, sai NumPy na Python wanda ya kai siga ta 1.0 a 2006, yana tafiya da Matplotlib wajen zane.

Daɗin yarukan nan shi ne gajarta. Kana da tebur na lambobi, ka rubuta kalma ɗaya, plot, giraf ya fito da layuka kala-kala. Wahalarsu ma a nan take, don duk abin da ba ka faɗa ba yaren zai yanke maka hukunci da kansa, kuma ba zai gaya maka ya yanke ba.

Hanya biyu ta haɗa layuka

Ta farko ita ce ka tara komai a tebur ɗaya ka miƙa. Tun a nan ake fara tuntuɓe, saboda yarukan ba su yarda da juna ba a kan wane gefe ne layi. J yana ɗaukar kowane layin kwance na teburin a matsayin layin giraf guda. MATLAB kuma layin tsaye yake ɗauka, haka Matplotlib, haka matplot na R. Kaga idan teburinka yana da layi 3 a kwance, kowanne da shekara 7, ka ba MATLAB shi tsirara ba tare da jerin shekaru ba, zai zana maka layi 7 masu ɗigo uku-uku, wani abu kamar taliyar da ta zube. Wannan da sauƙi, ido zai gani, ka juya teburin a wuce wajen. Wanda ya fi ban tsoro shi ne tebur mai tsawo da faɗi daidai, misali abu 5 shekara 5. Idan ka ba MATLAB jerin shekaru yana ƙoƙarin duba wane gefe ya dace da tsawonsu, amma in duka gefen biyu daidai suke sai ya koma al'adarsa ya ɗauki na tsaye, giraf ya fito tsaf-tsaf da kyau, alhali a juye yake.

Hanya ta biyu ita ce ka riƙa ɗora layi kan layi. A MATLAB sai ka ce hold on, in ba haka ba zane na biyu ya share na farko, kuma ban san ɗalibin da bai taɓa zama yana kallon allo yana neman inda layinsa na fari ya shiga ba. Matplotlib shi ɗorawa yake yi da kansa. A J kana buɗewa da pd 'reset', ka miƙa kowane jeri da nasa shekarun, ka rufe da pd 'show'. R yana da nasa halin: zanen farko ne ke yanke iyakar ma'auni, don haka idan ka ƙara layi na biyu da lines kuma lambobinsa sun fi ƙarfin iyakar, layin yana can sama wajen firam, ba ƙorafi ba gargaɗi, kawai ba ka ganinsa.

Ni dai ta biyun na fi so duk da ta fi yawan rubutu, kuma dalilin yana tafe.

Sifilin da ba kai ka rubuta ba

Tebur dole ne layukansa su zama tsawo ɗaya. Bayanan duniya kuma ba sa zuwa haka. Ɗauki namu: adadin alhazai daga 2019 zuwa 2025 lamba 7 ne. Kuɗin kujera kuwa lamba 5 ne, domin a 2020 da 2021 annobar korona ta sa an taƙaita Hajji ga mazauna cikin ƙasa, babu jirgin alhazai da ya taso daga Kano ko Sakkwato, mu da ke nan mun ga yadda Harami ya zama fayau.

Ka ce wa MATLAB ya haɗa jeri mai 7 da mai 5, zai ƙi, ya watsa maka jan rubutu. NumPy na yanzu ma zai ƙi. J kuwa mutumin kirki ne fiye da kima, ba ya son ya ba ka kunya, sai ya cike gurbin da sifili. Gwada ka gani:

1 2 3 ,: 4 5

zai ba ka

1 2 3
4 5 0

APL ma yana irin wannan cikon idan aka haɗa jeri marasa tsawo ɗaya. Ba aibi ba ne, ƙa'idar yaren ce kuma a rubuce take, amma duba abin da za ta yi wa girafinmu. Farashin 2022 zai zame ya zauna a gurbin 2020, na 2025 ya zauna a 2023, sannan 2024 da 2025 su samu sifili. Wato giraf zai nuna kujera ta yi tashin gwauron zabi shekara biyu kafin lokacin, daga nan ta koma kyauta. Wallahi na taɓa yin irin wannan da wasu alƙaluman ciniki, na kwana ina neman dalilin da ya sa kasuwa ta mutu a wata biyun ƙarshe, ashe ni ne na kashe ta.

Abin lura a nan, sifili iri biyu ne a idon mutane amma ɗaya ne kawai na gaske. Alhazan da suka taso daga Najeriya a 2020 sifili ne, wannan lamba ce, a zana ta a ƙasa. Kuɗin kujera a 2020 kuwa babu shi ne kwata-kwata, kuma babu daban take da sifili, kamar yadda shagon da bai buɗe ba daban yake da shagon da ya raba kaya kyauta. MATLAB da NumPy suna da alama ta musamman don wannan, NaN, ma'anarta nan ba lamba. In ka sa ta a gurbin, layin zai yanke ya bar giɓi ya ci gaba a gaba, mai kallo ya san akwai abin da ya faru. In kuma ka ɗora kowane jeri da nasa shekarun ta hanya ta biyu, ba zamewa, sai dai ka sani zai ja miƙaƙƙen layi daga 2019 zuwa 2022 kamar an bi ta wajen, don haka ka sa ɗigo a kan shekarun da ke da lamba ta gaske.

Shekarar da aka yi Hajji biyu

Mu mazauna Saudiyya muna da wata matsala da littattafan koyon MATLAB ba su san da ita ba, kalanda biyu muke rayuwa da su. Alƙaluman Hajji da shekarar Hijira suke tafiya, farashin dala da na kaya kuma da Miladiyya. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ta gaza da wajen kwana 11, shi ya sa Arfa ta kasance 27 ga Yuni a 2023, 15 ga Yuni a 2024, 5 ga Yuni a 2025. Hatta albashin ma'aikatan gwamnati sai a 2016 aka mayar da lissafinsa kan Miladiyya.

A shekara uku ko biyar ba za ka ji komai ba. Amma ja girafin ya koma baya shekara 25 ka gani. A 2006 an hau Arfa sau biyu, 9 ga Janairu na Hajjin 1426, da 29 ga Disamba na Hajjin 1427. Wanda ya jera shekarun Miladiyya a gefe, ya jera alƙaluman Hajji a ɗaya gefen, zai tarar jeri ɗaya ya fi ɗaya da lamba guda, in ya yanke ta ƙarshe don su yi daidai to duk abin da ya biyo bayan 2006 ya goce da shekara ɗaya. Wani kuma zai tara biyun a 2006, sai ka ga wani tsauni a tsakiyar giraf a fara neman tafsirinsa. Maganin dai shi ne a bar lambar shekara, a yi aiki da ainihin ranar, kowane Hajji a ɗora shi a ranar Arfarsa. Kusan duk shekara 33 ake samun wannan karon.

Sannan akwai bambancin taku. Dala kullum tana da farashi, Hajji sau ɗaya ne. Yarukan nan suna da dabarar cike tsakani, interp1 a MATLAB, wadda ke ƙiyasta abin da ke tsakanin ɗigo biyu. Ga zafin gari ko matakin ruwa a tanki tana da ma'ana. Ga alhazai fa? Nawa ne adadin alhazan watan Rajab? Kwamfuta za ta ba ka amsa har da ɗigo da lambobi bayansa.

Ma'auni a hagu, ma'auni a dama

Yanzu mu dawo kan almakashin nan. Hukumar ƙididdiga ta Saudiyya ta ce alhazan 2023 sun kai 1,845,045, na 2024 kuma 1,833,164, na 2025 suka zama 1,673,230. Raguwar ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba. Kujera a jihohin Arewa kuwa hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, ta sanar da kimanin naira miliyan 2.9 a 2023, a 2025 ta kusa miliyan 8.5, kusan ninki uku. To ya aka yi layin da ya sauka da kashi 9 da wanda ya ninka uku suka yi tsayi ɗaya a hoto?

Saboda an ba kowanne nasa ma'aunin. Na hagu ya fara daga miliyan 1.6 ya tsaya a 1.9, na dama ya fara daga 2 zuwa 9, kowane layi ya cika firam daga sama har ƙasa. Umarni ɗaya ne, yyaxis a MATLAB tun sigar R2016a, twinx a Matplotlib, y2axis a J. Kuma sau da yawa ba mugunta ba ce, yaren ne ke zaɓar iyakar da za ta sa layi ya cika fili. Inda layukan suka gitta juna, wanda mutanen majalisa suka yi ta nunawa da yatsa suna cewa ka ga daga nan abin ya lalace, ba shi da wata ma'ana ko ta sisin kwabo. Matsar da ma'aunin dama kaɗan, mahaɗar ta koma wata shekarar.

Masana sun rabu a kan wannan. Wasu sun ce a haramta ma'auni biyu gaba ɗaya, Hadley Wickham mai ggplot2, kayan zanen giraf na R, yana cikinsu, har yau kayan aikin nasa ba ya yarda da ma'auni na biyu sai in daga na farko aka lissafo shi, kamar dala a hagu riyal a dama, tunda 3.75 ne tsakaninsu tun 1986. Injiniyoyi kuma suna cewa kada a hana, mai kula da injin sanyaya ɗaki yana so ya ga zafi da wutar da ake ci a lokaci ɗaya, kuma ya san karatun abinsa. Duka biyun suna da gaskiya a wajena, bambancin wa zai kalla. Abin ma ba sabo ba ne, William Playfair ɗan Sikotland da ake jingina wa ƙirƙiro irin waɗannan zane-zane ya haɗa farashin alkama da ladan ma'aikaci a zane ɗaya tun 1821, da hannu, kuma har yau ana muhawara a kan ko zanen ya nuna abin da ya so ya nuna.

Idan hoton zai shiga WhatsApp ne, ni ra'ayina a mayar da kowane jeri ya fara daga 100. Ka raba kowace lamba da ta farko ka ninka da 100, kuma a nan ne yaren jeri ke nuna gwanintarsa, a J, in sunan jerin y ne, ga shi duka:

100 * y % {. y

Ana karanta shi daga dama zuwa hagu, abin da bai kamata ya dame mu ba mu da muka taso da allo. Da wannan alhazai za su tashi daga 100 su sauka wajen 91, kujera ta tashi daga 100 ta doshi 290, ma'auni ɗaya, ba almakashi. In kuma jinsin abubuwan ya yi nisa da juna sosai, a raba musu ɗaki, giraf sama giraf ƙasa da shekaru iri ɗaya, subplot ke yin wannan. Akwai ma'aunin log ga lambobin da wani ya ninka wani sau dubu, sai dai shi ba ya iya nuna sifili, alhazan Najeriya na 2020 za su ɓace daga zanen, kuma bayyana shi ga wanda bai yi lissafi ba aiki ne.

Wace dalar kake nufi?

Wannan ita ce gaɓar da ta fi ba ni sha'awa, don ko ka gyara duk na sama tana nan. Mu da muke samu da riyal muna turawa gida, tambayarmu ita ce kujerar nan a riyal nawa take. Sai ka ƙara jeri na uku, canji. Wanne? Kafin tsakiyar Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala tana wajen 460 a hukumance, a hannun 'yan canji kuma wajen 750. A farkon 2025 duka biyun sun taru a wajen 1,500 da ɗan wani abu.

Yi lissafin a ƙiyasce. Miliyan 2.9 a kan 460 ya ba ka dala 6,300, wato riyal 23,600 ko kusa. A kan 750 kuwa kusan dala 3,900 ne, riyal 14,500. Miliyan 8.5 a kan 1,500 ya kama riyal 21,000 da 'yan kai. Kaga da canjin hukuma layin kujera a riyal sauka ya yi kaɗan, da canjin Wapa kuma hawa ya yi da kusan rabi. Giraf biyu masu kishiyantar juna daga lambobi na gaskiya, kuma a kod ɗin, wato umarnin da aka rubuta wa kwamfuta, bambancin sunan jeri ɗaya ne. Wanda ke aiki a nan yana biya wa mahaifiyarsa kujera, a 2023 da canjin kasuwa ya sayar da riyal ɗinsa, don haka layi na biyu ne labarin aljihunsa. Mai nazarin abin da aka kashe a masauki da jirgi da Mina kuma na farko ya fi kusa da tambayarsa. Dole mai zane ya rubuta a jikin hoton wanne ya ɗauka, ba a cikin dogon saƙon da za a yanke a wajen fowadin ba.

Abin da ya shafi mai tara kuɗin kujera

Ko an zana almakashin nan da kyau, haɗin tun asali gurgu ne. Shuɗin layi alhazan duniya ne, jan layi kuɗin Najeriya. Mutumin Indonesiya da ƙasarsa ke da kujera 221,000 bai san naira ba balle faɗuwarta. Adadin alhazai kuma ba kasuwa kaɗai ke yanke shi ba, akwai kason da aka ɗora tun ƙarshen shekarun 1980 na mutum 1,000 ga kowane Musulmi miliyan ɗaya, akwai batun tasrihi, wato takardar izinin yin Hajji, da muka ga yadda aka tsananta shi. In ana son a san ko tsada ta hana 'yan Najeriya zuwa, abin da za a ɗora kusa da farashi shi ne kujeru nawa aka cike cikin 95,000 da aka ware wa ƙasar a waɗancan shekarun. Wataƙila ma amsar ta fito e, tsadar ta hana, ban ce ba ta hana ba, hoton nan ne dai bai isa shaida ba.

Kuma mutane suna yanke shawara da irin waɗannan hotuna. Wani zai ce bari in jira tunda mutane sun ragu dole farashi ya sauko, ya bar kuɗin adashinsa a naira. Wata Hajiya da ke sayar da abaya da turare tana aikawa Kano za ta ga layi ya gangaro ta rage sari. Ba wanda zai buɗe kod a cikinsu, kuma ba laifinsu ba ne, amma akwai abin da ido zai iya dubawa cikin daƙiƙa goma: lambobin gefe hagu da dama iri ɗaya ne ko daban, daga sifili suka fara ko daga tsakiya, sannan 2020 da 2021 suna nan ko an haɗiye su.

Ga ɗalibanmu kuma masu haɗa rahoto da Larabci, ku duba rubutun jikin giraf kafin ku miƙa wa dakta, Matplotlib ya daɗe yana fitar da haruffan Larabci a warwatse kuma a juye sai an bi ta wasu ƙarin kayan gyara, haka ƙ da ɗ da ɓ namu wani font ɗin akwati yake mayar da su. In kun sauke fayil kuma lambobin na ɗauke da waƙafi irin 1,845,045, ku tabbata an karanta su a matsayin lamba, don wani lokacin rubutu ake ɗaukarsu.

Daren jiya na kai wa majalisa sabon zanen, layi uku duk daga 100, na alhazai kwance kusan a miƙe, na kujera a naira ya haye sama, na kujera a riyal da canjin kasuwa yana tsakiya. Dattijon nan ya karɓi wayar ya ja hoton da yatsa biyu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce to ɗana, na Nijar fa, su da sefa suke biya, sa mana nasu a kai. Ban da alƙaluman a hannu, kuma sefa da yuro aka ɗaure ta ba da dala ba, 655.957 a kan yuro ɗaya, don haka sai na nemo jerin yuro da dala tukuna kafin layi na huɗu ya hau.